Wankin Litinin

A hawa na tara ba a faɗin sunan kamfanin da ke ɗaya gefen titi. Na Tsallake ake ce musu, kuma sabon ma'aikaci kan koyi wannan tun kafin ya san inda banɗaki yake. Sana'ar kamfanonin biyu ɗaya ce: kowanne yana da manhajar aika saƙo wadda miliyoyin mutane ke ɗauke da ita a waya. Gine-ginensu suna fuskantar juna, gilashi na kallon gilashi, ƙaton titi a tsakani. Idan rana ta karkata, inuwar wancan gini takan faɗo kan teburan wannan, sai ka ji wani ya ce, "Ga su nan, har hasken ma sun zo sata."

A ɗakin shan shayi akwai doguwar kanta ta kofuna, kowa da nasa. Wanda ya yi ritaya yakan tafi da kofinsa. Wanda ya tsallaka titi kuwa, kife nasa ake yi a can ƙarshen kanta, a bar shi yana tara ƙura. Goma sha tara ne a kife a wurin, kuma ko mai shara ta san ba a goge su.

Mutumin da labarin nan ya shafa shekararsa goma sha shida a kamfanin. Mai gwaji aka ɗauke shi, wato wanda zai latsa manhaja ta ko'ina kafin a sake ta, ya gano inda take ɗingishi. Amma shekara huɗu ke nan da aka sauya masa aiki. Ba tasu yake gwadawa ba, ta Na Tsallake yake gwadawa. Wayoyi bakwai ne jere a teburinsa, tun safe har yamma yana neman inda maƙwabta suka yi tuntuɓe. Shi ya sa matasan ofis suka sa masa Baba Leƙe. Da farko yakan ɓata rai, daga baya ya gaji ya fara amsawa.

Abin da ya samo a mako shi ake ci ranar Litinin. Ƙarfe tara na safe mutum sittin ke taruwa a babban ɗakin taro, a haɗa wayarsa da allon majigi, ya nuna kuskuren Na Tsallake, a yi ta dariya har da buga tebur. Sunan taron Wanki, don kayan dattin maƙwabta ake shanyawa a bainar jama'a. Ba aikin da ake yi a cikinsa. Manyan mutane ne masu iyali, masu digiri biyu-biyu, sukan ɓata awa guda suna murna don wani ya faɗi, su fito suna jin kamar sun gina wani abu.

Kuma abin ba ya tsayawa a ɗakin. Wani ɗan sashen talla yakan ɗauki bidiyon allon, kwana biyu sai ka gan shi yana yawo a intanet da sunan wani wanda ba a sani ba. A bara irin wannan bidiyo ya yi sanadin korar wani matashi a Tsallake. Baba Leƙe ya gan shi ta taga, rungume da kwali, yana tsaye a bakin titi yana jiran mota. A hawa na tara har tafi aka yi. Shi bai yi tafi ba, amma bai ce komai ba, kuma shi ya kawo wankin.

'Yarsa ta fari a Tsallake take aiki.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Da ta gama karatu kamfaninsa ta fara nema, wata huɗu ba su ko amsa mata ba. Na Tsallake suka ɗauke ta cikin mako guda. Ranar da ta zo daga gidan mijinta da albishir, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Duk faɗin garin nan ki rasa inda za ki sai gidan maƙiyanmu?"

Ta ce, "Baba, maƙiyan wa? Me suka ci maka?"

Da wannan ne kawai, da ya wuce. Washegari ofis suka ba shi takarda ya sa hannu, cewa ba zai taɓa yin maganar aiki da ita ba, in ya yi a bakin aikinsa. Wannan ma da ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne na bakin titi.

A tsakiyar titin, inda masu tsallakawa ke tsayawa, akwai rumfar mai shayi. Wata rana da azahar ya sauko tare da abokan aiki uku, kowa da igiyar katinsa shuɗiya a wuya. Sai ga Uwata da tata ja. Ta rusuna ta ce, "Baba, ina wuni?" Ya ji idanun mutum uku a kansa, ya ji tagogin hawa na tara a bayansa. Ya ɗaga mata kai kaɗan, irin yadda ake yi wa wanda ya tambayi hanya, ya wuce.

Wata bakwai ke nan. Da, kowace Asabar takan zo ta wuni. Yanzu takan zo ta gai da mahaifiyarta da kakarta, amma sai ta tabbatar yana ofis. Yakan dawo ya tarar da ƙamshin turarenta a falo da ledar lemo a kan tebur.

Ranar Juma'a da yamma shugaban sashe ya tsaya a kan teburinsa. Ya girmi shugaban da shekara goma, amma shi ke miƙewa. A bayan idon shugaban Gobe-da-Safe ake ce masa, don duk abin da ya nema, da wannan yake rufe bakinsa.

"Baba, Wankinmu ya fara sanyi fa," in ji shi. "Mako uku ke nan kana kawo mana kuskuren rubutu da hoton da ya karkace. Jiya manya suka tambaye ni ko Na Tsallake sun daina kuskure ne."

"Suna yi, yallaɓai. Sai dai ba kullum ake samun babba ba."

"Ko dai hannun ne ya yi nauyi, tunda akwai na gida a can?" Ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa. "Wasa nake. Amma ka kawo mana mai zafi ranar Litinin."

Ba wasa yake ba, kuma dukansu sun sani.

Ranar Asabar da hantsi Inna, mahaifiyarsa, ta aika a kira shi. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, waya a cinya, fuska a murtuke. Idanunta sun yi rauni, don haka jikarta ta ƙara mata girman rubutun wayar har ƙarshe, ta mayar mata da allon baƙi da fari. Manhajar Na Tsallake ce a ciki. Da ya taɓa yin ƙorafi, cewa ta yi, "Wanda ya sa mini shi nake bi. Kai shekara nawa kana aikin, ka taɓa zama ka koya mini?"

Yau kuwa cewa ta yi, "Karɓi ka duba mini. Takwarata ta yi fushi da ni."

"Fushin me, Inna?"

"Kwana goma sha ɗaya ina yi mata magana a cikin abin nan, ba ta amsawa. Na gaya mata ƙafata ta kumbura, shiru. Na tambaye ta mijinta, shiru. Kai ka kore ta, yanzu abin ya shafe ni."

Matarsa da ke shanya a tsakar gida ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gaya masa dai, Inna. Ni na gaji."

Ya karɓi wayar, ya ce ta nuna masa yadda take yi. Ta danna alamar murya, ta yi magana, ta ɗaga yatsa, ta ajiye. A sabon tsarin da Na Tsallake suka fitar, bayan ka gama magana sai wani madanni ya fito a ƙasa, ka danna kafin saƙon ya tafi. A wayar Inna babu shi. Girman rubutun ya tura shi ƙasa, ya fita daga allon gaba ɗaya. Saƙonninta goma sha huɗu suna nan a ajiye, ba wanda ya bar gidan.

Gaskiya ita ce, abin da ya fara ji daɗi ne. Ƙirjinsa ya buga irin na maharbin da ya ga sawu. Wannan ba kuskuren rubutu ba ne. Duk tsohon da ya ƙara girman rubutu, duk mai raunin ido, yana can yana magana shi kaɗai. A shekara huɗu bai taɓa kama mai girman wannan ba.

Sai Inna ta ce, "Kuma ita ce fa ta yi wannan wurin da hannunta. Ta nuna mini. Ta ce, Inna, duk wanda ya yi magana a nan, ta ƙofata ya bi."

Nan take daɗin ya gushe. Ya rage mata girman rubutun, madannin ya fito, ya tura saƙonnin. Ta ce yanzu kuma ba ta ganin komai, rubutun ya koma ƙafar tururuwa. Ya mayar mata yadda yake, ya ce ta riƙa kiransa idan za ta aika.

"In kira ka kana ina? Kana can sama kana leƙen mutane?"

Ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gado. Hanyoyi uku ne, duk ya auna su. Ya kai wankin, Gobe-da-Safe ya ji daɗi, ranar Laraba bidiyo ya fita, ranar Juma'a ya tsaya a taga ya ga Uwata rungume da kwali. Ko ya ɗaga waya ya gaya mata, magana ta fita, don magana ba ta zama, a kife kofinsa bayan shekara goma sha shida, ga ƙannenta uku a makaranta. Ko ya yi shiru, ya kai musu hoton da ya karkace, tsofaffi su ci gaba da magana da bango, har wani ya gano, kuma za a gano. Ya wuni yana juya su, ba wadda ta yi kyau.

Ranar Lahadi da la'asar yana zaune da wayarsa a hannu, sai ya yi abin da ya shekara huɗu bai yi ba. Ya ƙara girman rubutu har ƙarshe, ya mayar da allon baƙi da fari, ya buɗe manhajar kamfaninsu. Ya danna alamar murya, ya ce, "Gwaji, gwaji," ya ɗaga yatsa.

Babu madanni.

Ya sake. Babu. Ya ɗauko wayar matarsa ya gwada, haka nan.

Bai yi mamaki sosai ba da ya tuna yadda aka yi. Mako biyar da suka wuce, ranar da Na Tsallake suka fitar da sabon shafin, shi ya nuna shi a Wanki, aka yi dariya aka ce ya yi muni. Da aka tashi, Gobe-da-Safe ya kira yarinyar da ke tsara musu shafuka, wadda ake ce wa Shiru-shiru don ba a cika jin muryarta ba, ya ce ta yi musu irinsa sak, gobe da safe. Ta tambaya wa zai gwada. Ya ce, "Ai sun gwada mana. Abin da Na Tsallake suka fitar, kuɗinsu ya riga ya gwada shi." Haka ake yi a hawa na tara: da safe a zagi abu, da rana a kwafe shi. Sun kwafo shafin har da raminsa.

Ya daɗe yana kallon allon. Launi kaɗai ke raba manhajojin biyu yanzu, shuɗi da ja, kuma a baƙi da fari babu launi.

Litinin ƙarfe tara ɗakin ya cika. Gobe-da-Safe na gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ɗan talla na jikin bango da wayarsa a ɗage. Baba Leƙe ya haɗa waya da majigi, allon ya fito baƙi da fari, haruffa manya kamar na allon talla.

"Haka wayar mahaifiyata take," in ji shi. "Shekararta saba'in da takwas. Ba ta iya rubutu a waya, magana take yi. Ku duba."

Ya danna, ya ce, "Takwara, ƙafata ta kumbura," ya ɗaga yatsa. Ya jira.

"To, ina wurin turawa?" wani ya tambaya daga baya.

"Babu."

Ɗakin ya fashe. Wani ya ce, "Sun ƙirƙiro saƙon da ba ya tafiya!" Wata ta ce, "Sirri ke nan, ko mai shi ba zai ji ba!" Aka buga tebura. Gobe-da-Safe har da share hawaye.

"Baba, ka biya mu! Tun yaushe abin yake haka?"

"Mako huɗu da kwana biyu."

"Mako huɗu ba wanda ya lura? Kamfani guda, mutum dubu, duk makafi? Wallahi da a ƙarƙashina ne, shugaban sashen zan fara kora kafin kowa." Ya juya wajen ɗan talla. "Ka ɗauka da kyau?"

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Shiru-shiru tana layi na uku, ta ƙura wa allon ido, hannunta a baki. Ta gane aikinta ne. Sa'ar Uwata ce, kuma Baba Leƙe ya ga yadda fuskarta ta canza. Bai zo don ya ceci 'yarsa ya jefa 'yar wani ba, don haka bai ja abin ba. Ya shiga saitin wayar ya mayar da launi. Allon ya koma shuɗi.

"Tamu ce," in ji shi.

Dariyar ba ta tsaya lokaci guda ba. Na baya sun ɗan ci gaba, har na gaba suka juyo suka dube su. Ɗan talla ya sauke wayarsa a hankali.

"Kafin kowa ya dubi yarinyar nan," Baba Leƙe ya ci gaba, "ta tambaya wa zai gwada, ina wurin, aka ce mata an gwada mana. Idan ana neman mai laifi ga ni. Mai gwaji aka ɗauke ni. Shekara huɗu ina cin albashin kamfanin nan, ban buɗe manhajarsa na gwada ko sau ɗaya ba sai jiya. Laifi tudu ne, na taka namu har ya lotsa ina hangen na wasu."

Gobe-da-Safe ya sauke ƙafarsa. Ba wawa ba ne, nan da nan ya kama bakin zaren.

"Daga wurinsu muka ɗauko. Ke nan su ma haka take?"

"Haka take, yallaɓai."

"To ai shi ke nan." Fuskarsa ta fara dawowa. "Mu gyara tamu shiru, gobe da safe, sannan mu saki nasu."

"Za mu iya. Sai dai ko mun gyara yau, tsohuwar manhajar tana cikin wayoyin mutane miliyan nawa, kuma sai an yi makonni kafin kowa ya sabunta. Muka saki bidiyo da safe, kafin azahar sun saki namu. Kuma kowa zai ga wanda ya fara yi da wanda ya kwafa. Su a ce sun yi kuskure. Mu a ce mun saci kuskure."

Gobe-da-Safe ya dube shi.

"Kai da 'yarka kuka shirya wannan?"

"Rabon da in yi magana da 'yata wata bakwai, yallaɓai. A gaban mutum uku da ke ɗakin nan ta gaishe ni na ƙi amsawa. Ka tambaye su."

Mutum ukun suka sunkuyar da kai. Shugaban ya ce wa ɗan talla ya goge abin da ya ɗauka, ya ce an tashi.

Ba a kore shi ba, don babu layin da ya taka a takardar. Ba a gode masa ba kuma. Ranar Talata aka kwashe wayoyi bakwai daga teburinsa aka ba wani, aka ce ana bukatar gogewarsa a ƙasa, sashen karanta ƙorafin jama'a. Ɗaki ne a bayan wurin ajiye motoci, ba taga, fanka ɗaya mai ƙara, da mutum biyu da suka daɗe da daina tsammanin baƙo. A ranar farko ya nemo kalmar "murya" a cikin ƙorafe-ƙorafen da suka taru. Ɗari huɗu da 'yan kai suka fito. Yawanci 'ya'ya ne suka rubuta a madadin iyayensu. Wani ya rubuta sau shida. Ya tambayi na kusa da shi ko an taɓa tura waɗannan sama.

"Kowace Litinin muke turawa," in ji mutumin. "Ƙarfe tara. Ka san ba kowa a tebur lokacin."

Shiru-shiru ta gyara shafin, aka fitar ranar Laraba ba tare da sanarwa ba. Da yamma ta sauko har ɗakin, ta ajiye masa kofinsa a kan tebur. Ta ce ta ga wani yana juya shi a hannu a ɗakin shayi, shi ne ta ɗauko. Sannan ta fita.

Ranar Juma'a da ya dawo gida, Inna ta ɗago masa waya tun daga nesa. Madannin ya dawo, ƙato, ɓaro-ɓaro. Na Tsallake ma sun gyara. Ya riga ya san haka za a yi. Gini mai irin waɗannan tagogi ba ya rasa nasa mai leƙen.

Asabar da hantsi yana zaune a falo ya ji sallamar Uwata. Ya ɗauka za ta wuce ɗakin Inna, sai ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, kamar wadda ba ta yanke shawarar zama ba.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Uwata. Shigo mana."

Ta zauna a hannun kujera. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru irin na wanda ya daɗe yana kallon allo. Ya ga irin gajiyarsa a fuskarta, abin ya dame shi.

"Na san ka sa hannu a takarda," ta ce. "Ni ma na sa a tawa. Don haka ba maganar aiki zan yi ba, labari zan ba Mama, kai kuma kana zaune." Ta ɗaga murya wajen ƙofar kicin. "Mama, kin san a wurinmu ranar Alhamis ake taruwa a yi wa maƙwabta dariya? Shara muke ce mata."

"Allah ya shirye ku duka," in ji mahaifiyarta daga ciki.

"Muna da wata mata, aikinta ke nan, wayoyi tara ne a teburinta. Ranar Laraba ta ga Na Tsallake sun taɓa shafin murya ba su faɗa wa kowa ba."

"Wa kuke ce wa Na Tsallake?" ya tambaya.

"Ku mana, Baba. Da me kake zaton muke ce muku?"

Ta juya wajen kicin ta ci gaba.

"Ta bi diddigi ta gano abin da suka gyara, ta duba tamu, ta zo ta same ni ni kaɗai kafin taro. Kwana na yi a kai. Da a bidiyo abin ya fito, Mama, da yanzu ina gida ina tayaki shanya." Ta juyo gare shi, tana wasa da igiyar jakarta. "Mutum ɗaya na sani a wancan ginin da zai tuna ya ƙara girman rubutu har ƙarshe. Kuma Inna ta gaya mini wanda ya duba mata waya."

"Inna ba ta riƙe magana."

"Ina jin ka!" in ji tsohuwar daga tsakar gida.

Uwata ta yi murmushi, amma bai daɗe ba. Ta dube shi sosai.

"Baba, ranar nan a bakin titi na gaishe ka."

"Na ji."

"Na san ka ji. Shi ne abin."

Yana da bayanai da yawa da ya tanada cikin wata bakwai: takardar, ƙannenta, idon mutane, shekarunsa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba wanda zai iya ɗagawa a gabanta.

"Tsoro na ji," ya ce. "Na ji tsoron yaran da na haifi kamarsu, na wulaƙanta tawa. Ba ni da wata hujja."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce za ta duba ƙafar Inna. Amma ta ajiye jakar a kan kujera kafin ta fita, kuma da aka zuba abincin rana tana nan.

Da za ta tafi ya raka ta bakin ƙofa. Ya ce ranar Litinin ƙarfe ɗaya zai sauko wurin mai shayi.

"Za su gan ka ta taga."

"Su ke da taga. Ni yanzu a ƙasa nake."

Litinin ɗin aka yi Wanki kamar kullum. Daga ɗakinsa ba a jin dariyar, amma an ce sabon mai leƙen ya kawo hoton da ya karkace, kuma an buga tebur. Ƙarfe ɗaya saura biyar ya ɗauki kofinsa, ya fito da igiyarsa shuɗiya a wuya, ya jira motoci suka tsaya, ya tsallaka zuwa tsakiyar titi. Mai shayi ya dubi kofin ya ce ai yana da nasa. Ya ce a zuba a wannan.

Rana ta yi zafi, hayaƙin motoci na shiga ido. Gilashi a gabansa, gilashi a bayansa, bai ɗaga kai ya dubi ko ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya da kwata ta wuce, shayin ya huce, gwiwarsa ta fara ciwo. Ya ce a ransa in ba ta zo ba ta yi daidai, kuma zai dawo Litinin mai zuwa.

Ɗaya da minti ashirin ya hango jar igiya a cikin masu tsallakowa. Tana sauri, da wasu abokan aikinta biyu a bayanta suna kallonsa. Bai jira ta ƙaraso ba. Ya ɗaga kofin sama, ya ɗaga murya yadda har mai shayi sai da ya waiwayo.

"Uwata! Ina wuni?"

Ta tsaya a gabansa tana haki.

"Baba, ai ni ya kamata in fara gaishe ka."

"Kin riga kin yi," ya ce. "Amsa ce ta makara."